Kejin hawainiya na katako: fenti, banish, ifoksi ko shimfiɗa, wanne ke tare ruwa ba tare da ya cutar da dabba ba?

Kejin farko da na yi wa hawainiya bai ga damina ta biyu ba. Kafintan unguwarmu a nan Bauchi ya haɗa shi da farin katako da ragowar allon MDF (allon da ake yi da garin katako da gam) na wani aikin kabad, ya fito tsaf, har yaran maƙwabta na zuwa kallo daga nesa. Daga nesa mana, don har gobe mutanenmu da yawa na ganin hawainiya dafi gare ta, alhali iyakarta ta hangame baki ta yi huci, in an matsa mata ta kai cizo. Wata biyar da fara amfani da kejin na danna ƙasansa da yatsa, ya lotsa kamar biredin da aka tsoma a shayi. Da na kifa shi, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan allon, gara kuma ta fara gini a ƙafa ɗaya.

Ban ga laifin kafinta ba. Kejin tattabaru da na zomo ya saba yi, waɗanda ake so su zauna a bushe. Ita kuwa hawainiya ba ta saba shan ruwa a kwano ba, raɓa da ɗigon da ke kan ganye take lasa, don haka dole a fesa wa ganyen ruwa safe da yamma. Ni nakan fesa kamar rabin lita kowane lokaci. A wata ya zama lita 30, ya fi jarka guda mai lita 25, kuma kusan dukansa a ƙasan keji yake ƙarewa. Ga shi kuma duk abin da aka saba kare katako da shi a garin nan, don rufin ɗaki da ƙofa da kujera aka yi shi, ba don dabbar da za ta kwana a ciki tana shaƙa tana lasa ba.

Lissafin da zan yi a nan na keji ne mai faɗin santimita 60 da 60, tsayi 120, wanda shi ne girman da masu kiwo suka fi yi wa babbar hawainiya guda. Guda nake cewa, don ba a haɗa biyu a keji ɗaya.

Ma'aunin da zan auna da shi

Na farko lafiyar dabbar. Guba tana shigarta ta hanya uku: warin da take shaƙa, ruwan da take lasa a jikin katako, da gyare ko farar da aka sakar mata suka yi yawo a kan katakon kafin ta cafke su. Ciwon numfashi na cikin abubuwan da suka fi kashe hawainiya a keji, saboda haka warin da kai za ka ce ɗan kaɗan ne, ita a cikinsa take wuni take kwana.

Na biyu tare ruwa, kuma ruwan iri biyu ne. Akwai feshin da ke taɓa sanda ya gangare, akwai wanda ke kwanciya a ƙasa. Abu da yawa na iya wa na farko, kaɗan ne ke iya wa na biyu.

Na uku shi ne wanda shawarwarin da ake karantawa a intanet ba su cika lura da shi ba, don ba a ƙasarmu aka rubuta su ba: yanayin Bauchi. A Agusta katako ya sha laima ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa. A Janairu hunturu ya tsotse shi ya tsuke, mahaɗa ta buɗe baki. Maris da Afrilu zafi ya doshi digiri 40. Duk shafin da ba ya iya miƙewa tare da katako zai tsage, ruwa ya bi tsagar ya shige ƙarƙashi, ya kasa fita. Ruɓa daga nan take farawa, sama na sheƙi ciki na lalacewa.

Sai kuɗi da samuwa, sai kuma sauƙin aiki da tsawon jira. A riƙe wannan tun yanzu: bushewa daban, nuna daban. Fenti na iya bushewa ka taɓa bai kama hannu ba cikin kwana ɗaya, amma ya ci gaba da fitar da tururin sinadari har makonni.

Waɗanda za a ajiye gefe tun farko

Da na koma wurin kafinta da maganar keji na biyu, bai ko ɗago daga randar da yake yi ba ya ce, "Malam, ai mai sauƙi ne. Baƙin mai za mu shafa, mu ɗiga masa fiya-fiya, shekara goma gara ba za ta doshe shi ba." Na ce, "Baba, ai mai ɗakin ma ba za ta kwana biyu ba." Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin wanda ke gina wa hawainiya ɗaki ba.

A kan katakon rufi dabararsa tana aiki, shi ya sa ake yi. Amma baƙin man mota ba ya bushewa, kullum yana naso, kuma cike yake da dattin ƙarfe da ƙonannen mai. Fiya-fiya kuwa maganin ƙwari ne mai tashi a iska, yana kama jijiya, kuma abin da ke kashe gara zai kashe gyaren da ka saka, ya bi ta cikinsa ya shiga hawainiyar. Haka maganin gara na gwangwani da ake shafa wa katako, haka kwalta, wadda ke narkewa ta yi wari da zarar rana ta take. Katakon da aka riga aka tsoma a magani ma a bar shi. In ka je sashen 'yan katako a kasuwar Muda Lawal, ka tambaya, ka kuma shinshina da kanka.

Fentin mai

Shi ya fi arha, kuma ko a shagon kayan gini na bakin titi za ka same shi. Yana tare feshi sosai a shekarar farko. Illarsa uku ce. Tina ake sirka shi da ita, warin kan ɗauki wata guda ko fiye kafin ya fita. In ya tsufa yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, farcen hawainiya kuma na taimaka masa. Ta ukun ita ta fi tsorata ni: gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai a kasuwannin Najeriya sun sha gano dalma a cikin wasu, musamman masu launin rawaya da ja, kuma ba a gane wannan da ido. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai so ta a gidan da yara ke taɓa keji su sa hannu a baki ba. In dole sai an yi kwalliya, a tsaya a bayan keji, inda dabba ba ta kaiwa.

Fentin bango na ruwa ba shi da wannan wari, amma ruwa na ratsa shi, na waje kuma galibi ana zuba masa maganin fumfuna. Bai shiga sahu ba.

Banish

A nan ake rikicewa, don abu uku ake kira da suna ɗaya. Akwai wanda masu kujeru ke fesawa da inji, mai bushewa cikin mintuna. Shi ne wanda in an ajiye kofin ruwan sanyi a kan tebur yake barin farin zobe. Abin da kofi ya yi wa tabo, ina zai kai da lita 30 a wata? Akwai foliyuretan na mai, mai ƙarfi da sheƙi ruwan zuma, wanda ya fi jure ruwa amma warinsa irin na fentin mai ne, jiransa wata guda cur ko fiye. Sai foliyuretan na ruwa, wanda shi nake ba da shawara a kan sandunan firam.

Gane shi ba wuya ko ba ka karanta Turancin jikin gwangwani ba: a buɗe fari ne kamar madara, in ya bushe ya koma garai, buroshinsa da ruwa ake wankewa ba da tina ba. Ya fi fentin mai tsada, ba kuma kowane shago ke ajiye shi ba, wani lokaci sai an yi saƙo Jos ko Kano. Sai dai lita ɗaya kan rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, saboda haka ƙaramin gwangwani ya ishi firam ɗin keji shafi uku ko huɗu har a yi ragi. Ana barin awa biyu zuwa huɗu tsakanin shafi da shafi, a ɗan goga samfefa mai laushi. Ya nuna sosai sai mako uku zuwa huɗu.

Iyakarsa ita ce ruwan kwance. Na gwada shi a ƙasan keji, wajen wata na bakwai ya fara fari yana ɗagowa a kusurwa. A sanda kuwa, inda ruwa ke gangarewa, yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya nemi ƙari. Ƙarin ne aiki, don sai ka samar wa dabbar masauki na wata guda.

Ifoksi

Wannan shi ne ruwan roba mai gwangwani biyu da ake haɗawa, irin wanda ake zuba wa daɓen gida ya yi ta ƙyalli kamar gilashi. In an haɗa daidai ya nuna, ruwa ba ya ratsa shi ko da kwanciya ya yi, ba ya wari, ana wanke shi da soso. A cikin duk abin da ake shafawa, shi kaɗai zan yarda da shi a ƙasan keji. Kaurin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na cin lita guda, ƙasan kejinmu kuwa murabba'in mita 0.36 ne, wato kamar sulusin lita ya isa. Matsalar ita ce ba a cika sayar da shi kaɗan ba, kuɗin saiti ɗaya na iya wuce kuɗin katakon kejin gaba ɗaya. In kana da sani da masu aikin daɓe, roƙon ragowa ya fi. Ka dai tabbatar marar tina ne, irin wanda ake yi wa tankin ruwa ko na kifi, don wasu na daɓe ana sirka su.

Ba ya yafe kuskure. Gwargwadon haɗin yana jikin gwangwani, wani biyu da ɗaya, wani ɗaya da ɗaya, wani da sikeli ake aunawa wani da kofi. Ka yi "ai wannan ya isa" da ido, zai zauna da danƙo har abada, ifoksin da bai nuna ba kuwa guba ne, sai dai a kankare. Zafi na gaggauta shi: ƙarin digiri 10 kan rage lokacin aiki da kusan rabi, don haka haɗin da zai ba ka rabin awa da sanyin safiya, da azahar ɗin Afrilu kafin ka gyara buroshi ya yi zafi a kofi ya daskare. A haɗa kaɗan-kaɗan a faffaɗan faranti, da sassafe, da safar hannu, don yana sa ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum. Jiransa mako guda. Rana na mayar da shi rawaya a hankali, kuma a kan katakon falanki mai motsi yakan tsage a mahaɗa da hunturu. A kan filawud mai kauri ya fi zama lafiya.

Kakin zuma da mayuka

Masu tsoron sinadari kan karkata nan, kuma na fahimce su. Kakin zuma ba ya cutarwa, yana da arha wurin masu zuma, amma yana laushi a rana, ƙura ta manne masa, feshin mako biyu ya wanke shi. Man kaɗanya da man gyaɗa ba sa bushewa, sai su yi ɗoyi su kira tururuwa. Sun dace da muciya da akushi.

Shimfiɗa: a hana ruwa taɓa katakon

Nan na tsaya bayan asarar keji ɗaya da rabi. Maimakon neman abin da zai mayar da katako roba, a sa robar ko tayil a inda ruwa ke taruwa.

Tayil ɗin daɓe mai santimita 60 da 60, guda ɗaya tak, ya rufe ƙasan kejin ba mahaɗa. Mai ƙarfin nan da ake kira fosilin kusan ba ya shan ruwa, abin da yake tsotsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Ba wari, ba jira, ba ruwansa da rana ko farce. Masu tayil kan sayar da ragowar kwali ɗai-ɗai. Dabarar ita ce ka sayi tayil ɗin tukuna, ka kai wa kafinta ya gina kejin a kansa, ya ɗaga baya da kamar santimita ɗaya ko biyu don ruwa ya gangaro gaba. Huda fosilin wahala ne, gara a tsaga bututun roba biyu a sa a gaba kamar indararo, ya zuba a bokiti. Aibinsa nauyi, da fashewa in keji ya faɗi.

Wanda bai son nauyi ya nemi faffaɗan faranti ko bahon roba sabo a kasuwar Wunti, ya huda da ƙusa mai zafi, ya sa guntun tiyo. Shi ma a saya kafin a auna keji. Ya fi komai arha, ana zaro shi a wanke, in rana ta cinye shi bayan shekara biyu a sake wani.

Bangon baya kuma silin roba ya dace da shi. Ana yanka shi da zarto ko wuƙa, ruwa na gangarewa a kansa. Cikinsa rami-rami ne, in ba a toshe bakin ba kyankyasai da gyare za su mayar da shi gidan haya. Kada kuma ya kusanci fitilar ɗumi, yana lanƙwashewa. Tamfol irin na masu kiwon kifi ma na aiki, amma sabo yana da warin roba, sai an wanke an shanya mako guda, kuma ninkinsa na ɓoye datti. Tsohon buhun taki da jarkar maganin feshi, ko an wanke sau goma, a'a.

Duk waɗannan suna buƙatar silikon, gam ɗin roba da ake matsowa, a toshe gefe. A nemi na tankin kifi na gilashi. Na banɗaki da kicin da aka ce yana hana fumfuna, magani aka zuba masa. Mai kyau yana warin tsami kamar ruwan kal yayin da yake bushewa, a ba shi mako guda warin ya tafi.

| Hanya | Kuɗi | Ruwan kwance | Sauƙin aiki | Jira | Haɗari ga dabba |
|---|---|---|---|---|---|
| Baƙin mai, maganin gara, kwalta | Arha ƙwarai | Yana tarewa | Sauƙi | Ba ya ƙarewa | Kisa |
| Fentin mai | Arha | Yana ɓarewa | Sauƙi | Wata 1 ko fiye | Babba |
| Foliyuretan na mai | Tsaka-tsaki | Dama-dama | Sauƙi | Wata 1 ko fiye | Kaɗan bayan ya nuna |
| Foliyuretan na ruwa | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Ba ya jurewa | Sauƙi | Mako 3 zuwa 4 | Kaɗan |
| Ifoksi marar tina | Tsada | Yana tarewa sarai | Wuya | Mako 1 | Kaɗan in haɗi ya yi daidai |
| Kakin zuma | Arha | Ba ya tarewa | Sauƙi | Babu | Babu |
| Tayil ko baho da silikon | Arha | Yana tarewa sarai | Tsaka-tsaki | Mako 1 | Kusan babu |
| Silin roba, tamfol | Arha zuwa tsaka-tsaki | Yana tarewa | Sauƙi | Mako 1 | Kaɗan |

Abubuwan da ke ɓata aiki ko wanne ka zaɓa

Katakon da ake sayarwa sau da yawa ɗanye ne. Ka shafe ɗanyen katako, ka kulle ruwa a ciki ke nan. A jingine shi a inuwa makonni ya sha iska. Maɗaci da loko sun fi farin katako ƙarko nesa ba kusa ba, malaina na tsakiya. MDF kada ya shiga kejin ko a saman ne. A shafa kowace sanda kafin a haɗa, duk fuskokinta, a ninka a bakin da zarto ya yanka, don ta nan katako ke zuƙar ruwa kamar rake.

Lokacin aiki mafi kyau shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke ƙura ba ta sauko ba. A tsakiyar damina shafi na daɗewa bai nuna ba, a hunturu ƙura ta bi ta manne.

Kada son tare ruwa ya sa ka toshe kejin. Saman kejin da aƙalla gefe biyu raga za su zama. Laima da iskar da ba ta motsi su ke kawo ciwon huhu. Kada kuma a sa gilashi da sunan yana tare ruwa: yana tare sashen hasken rana da ake kira UVB, wanda da shi jikinta ke sarrafa sinadarin ƙashi, sannan a rana keji ya zama tanda.

Gara da tururuwa kuwa, tunda an hana magani, sai a yanke musu hanya. A sa wa ƙafafun keji dogayen noti na ƙarfe, kowanne ya tsaya a cikin gwangwanin ruwa, katakon bai taɓa ruwan ba. A sauya ruwan duk mako saboda sauro.

Kafin a saka dabba, ga gwajin da nake yi. In lulluɓe kejin da leda in bar shi a rana awa ɗaya, in buɗe in cusa kai ciki. In na ji wari ko yaya, sai wani makon. In ban ji ba, in saki fara biyar a ciki kwana biyu. Rayuwarsu ba ta wanke shafin gaba ɗaya ba, amma mutuwarsu ta isa hujja.

Wanne ya dace da wa

Ɗalibi ko mai ƙaramin ƙarfi: bahon roba a ƙasa, raga a gefe huɗu, firam na maɗaci ko da ba shafi, in dai ya bushe kuma yana shan iska. Mako guda ka gama.

Mai son keji ya zauna a falo ko baranda ya yi shekaru: tayil a ƙasa, silin roba a baya, foliyuretan na ruwa shafi huɗu a firam. Irinsa ne nawa na yanzu, ya ga damina biyu, abin da na taɓa kawai silikon ɗin kusurwa ɗaya ne da ya ɗago.

Mai keji da aka riga aka haɗa da ƙasan filawud, wanda tayil ba zai shiga ba: ifoksi, a hau da shi bango kamar tsawon yatsa ya zama kamar faranti. In ƙasan MDF ne, a cire shi, babu shafin da zai cece shi.

Wanda kejinsa zai zauna a tsakar gida ruwan sama na dukansa: foliyuretan na mai a waje, a jira wata ɗaya da rabi, ciki a yi shimfiɗa, a kuma yi masa rumfa rabi don ta sami inuwar gudu.

Wanda kuma yara suka kamo masa hawainiya yau a gona yana neman kejin gobe, babu shafin da zai nuna kafin gobe. Irin namu na daji ba su cika daɗewa a keji ba, ga tsutsar ciki ga firgita, kuma fitar da su ƙasar waje sai da takardar izini a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji. Ya mayar da ita kan bishiyar da aka ɗauko ta, in har yana son kiwon ya fara da zuwa wurin mai tayil.